Ko Ƙashi Ɗaya Bai Rage Ba

Surukata mai guga ce. Shagonta ɗaki ne guda a gaban gida, da tebur mai faɗi wanda aka lulluɓe da tsohon bargo, aka ɗora farin zanen gado a kai. Dutsen gugarta biyu ne, na lantarki da na gawayi, domin ba ta taɓa yarda da masu kawo wuta ba. Tana yayyafa ruwa da wata kwalba da ta huda wa murfi da ƙusa. Riga kuwa daga kwala take farawa, sai hannuwa, sai baya. Wanda ya fara daga gaba, in ji ta, bai iya aikin ba, kuma ya kamata a binciki tarbiyyarsa.

Mijinta gyaran firji yake yi. Shagonsa yana jikin nata, bango ɗaya ya raba su, kuma a bangon akwai 'yar taga da magini ya bari don iska. Ban taɓa jin iska ta bi ta nan ba. Gardama ce ke bi, daga buɗe shago har rufewa.

Mama, wato surukar tawa, ta gaskata cewa Yesu ya mutu domin zunuban mutane, ya tashi daga kabari, kuma wata rana matattu duka za su tashi. Baba bai gaskata ko ɗaya ba. A coci aka haife shi, a coci suka haɗu, har cikin mawaƙa ya yi. Mutane sun so a ce wani bala'i ne ya raba shi da bangaskiya, don su samu abin tausayawa, amma ya hana su wannan daɗin. Cewa yake wata Lahadi yana zaune yana saurare sai ya ga abin ya fita, kamar yadda haƙori ke fita, ba jini ba ciwo. Ya jira aka tashi, ya gaisa da kowa, ya koma gida. Tun daga ranar yake raka ta har bakin ƙofar coci, ya riƙe mata lema in ana ruwa, ya juya.

Tana kiransa "bawan Allah". Kullum sai ya ce bai sa hannu a kan wannan ba. Shi kuma yana kiranta "Mai wa'azi".

Da aka kawo ni gidan ina amarya, na ɗauka na tarar da aure yana mutuwa. Na ja maigidana gefe, wanda shi kaɗai ne ɗansu, na ce ya yi wani abu kafin su raba gari. Ya kasa kunne ya ji inda aka kai, ya ce ai yanzu ma suna kan maganar masu gadin kabarin Yesu ne, da sauran tafiya, in je in ci abincina.

Yadda abin ke tafiya shi ne, Baba zai kwanta a ƙasa, kansa a bayan firjin wani, sai muryarsa ta fito ta taga.

"Mai wa'azi, na yi tunani a kan kabarin nan naku. Almajiransa ne suka sace gawar."

"Waɗanne? Waɗanda suka ranta a na kare tun ranar da aka kama shi?"

"Sun dawo daga baya."

"Suka sace, suka ɓoye, sannan suka yarda ana dukansu ana kashe su a kan ƙaryar da su suka ƙulla da hannunsu. Kai da ka ɓoye mini ka fasa kofi, kallo ɗaya na yi maka ka tona kanka."

"Kofi daban."

"Kuma in ƙarya maza za su shirya, sai su ce mata ne suka fara ganin ya tashi? Ku da ba kwa yarda da maganarmu ko a kan ruwa zai sauko?"

Sai a ji ƙarar sukurudireba. Ba wai ya sallama ba ne. Yana ajiye maganar ne, ya tafi ya nemo mata wata. Washegari zai ce to ba mutuwa ya yi ba, suma ce, sanyin kabari ya farfaɗo da shi, kuma a harkar sanyi dai ba wanda zai koya masa. Mama ta ɗaga dutsen guga ta kara kusa da kumatunta ta ji zafinsa, ta ce mutumin da aka yi wa bulala, aka kafa wa ƙusoshi, aka soke shi da mashi, shi ne ya miƙe ya ture dutse ya fita yawo. Ta tuna masa shekarar da ya taka ƙusa ɗaya tak, ya kwanta har sai da maƙwabta suka fara zuwa dubiya da lemo.

Maganar ceto ta fi ɓata masa rai. Bai taɓa cire wa mutum inji mai kyau ya sa masa tsoho ba. Bai taɓa cewa gas ya ƙare alhali robar ƙofa ce ta saki ba. Duk unguwar ta san haka. To don me, in ji shi, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu zai shige aljanna da magana ɗaya yana gab da cikawa, shi kuma mai gaskiya a bar shi a waje? Ina adalci a nan? Kuma wane alƙali ne zai hukunta wani a kan laifin wani?

"Alƙalin da ya sauko ya ɗauka da kansa," in ji Mama. "Ba wani ya kamo a titi ba."

"Ni ban roƙe shi ba."

"Wanda ya faɗa rijiya, ba a leƙawa a tambaye shi halinsa. Igiya ake jefa masa. Ɓarawon ya kama. Kai kana ƙasa kana bayanin cewa kai mutumin kirki ne."

"Ni ban ga rijiya ba."

"Ai shi ya sa nake ɗaga murya."

Masu kawo guga sun saba. Wasu ma da gangan suke zuwa karɓar kaya tun ba a gama ba, su zauna a benci su ce ba sa sauri. Ni dai abin yakan ishe ni. Mutum biyu masu furfura, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya, kuma in lokacin shayi ya yi ta tagar nan take miƙa masa kofi, ya karɓa ya ce sukari ya yi kaɗan, su ci gaba daga inda suka tsaya.

Akwai wata gardama da ya fi so, ta kifi. Mutum ya nutse a teku, kifi ya cinye shi. Masunci ya kama kifin ya ci. Masuncin ya mutu a gobara, ya zama toka, iska ta kwashe. To ranar tashi, naman wa za a ba wa? Yakan faɗe ta a hankali, yana jin daɗinta. Wata rana benci cike da mutane ya sake kawo ta, Mama kuwa ranar wuta ta ɗauke mata a tsakiyar rigar wani ango, ranta a ɓace yake. Ta dangwarar da dutsen ta leƙa tagar.

"Bawan Allah, ina naman naka yake kafin a yi cikinka?"

"Babu."

"Wanda ya yi ka daga babu, shi ne zai tsaya neman ragowarka a cikin kifi? A ƙona ka, a niƙa ka, a watsa. Ko ƙashi ɗaya bai rage ba, in ya kira ka za ka tashi, kuma kai ɗin ne, da wannan taurin kan naka."

"Ko ƙashi ɗaya?"

"Ko ƙashi ɗaya."

Ya fito daga shago yana goge hannu da tsumma, ya dubi mutanen benci ya ce su zama shaida. Aka yi dariya, Mama ta hura gawayi ta ƙarasa rigar angon.

Abin da Mama ba ta kawowa ta taga shi ne maganar kabari. A bayan cocinmu akwai maƙabarta, ta 'yan ikkilisiya ce kawai. Ta daɗe da zaɓar wurinta, kusa da katanga inda ruwa ba ya kwanciya, kuma tana so a bar na kusa da shi don mijinta. Fasto na farko ya ce doka ba ta yarda ba. Na biyu ya ce zai duba, ya yi ta dubawa har aka yi masa canjin wuri. Na ukun yaro ne mai sanyin hali, Mama ta riƙa tare shi bayan sujada kowace Lahadi, ba faɗa ba hayaniya, gaisuwa ce kawai da tuni, har dattawan coci suka ga zaman lafiyarsu ya fi dokar. Ranar da aka ba ta wurin ta dawo tana waƙa. Ta ce mini, tunda ya ƙi zama kusa da ita a coci, zai kwanta kusa da ita a bayan coci, kuma a can ba shi da bakin musu.

Sai ƙafafun Baba suka fara kumbura. Ya ce takalmi ne ya matse. Daga baya numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya sunkuya bayan firji, har ya koma yana gyara a zaune, sannan ya daina. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, magani zai rage wahala, amma iyali su shirya. Baba ya karɓi labarin kamar an ce masa injin wani ya ƙone. Ya ce ai wanda ya riga ka kwana shi zai riga ka tashi, in maganar Mai wa'azi gaskiya ce shi zai fara sani.

Wata rana da la'asar muna tsakar gida, yana kan kujerarsa da matashi a ƙarƙashin ƙafa, ya kira ta.

"Kin tuna kin ce ko ƙashi ɗaya bai rage ba?"

"Na tuna."

"Kina nan a kai?"

"Ina nan."

"To. Na ba makarantar likitoci gawata."

Shekaru da yawa shi ke kula da ɗakin sanyi na ajiye gawa a makarantar koyon aikin likita da ke ƙarshen hanyar bas. Ya ga yadda ɗalibai ke cunkushewa a kan gawa ɗaya, na baya suna ɗage, wasu har su gama ba su riƙe wuƙa ba. Ya ce waɗannan yaran ne gobe za su buɗe cikin jikokinsa, gara su yi kuskurensu a kansa. Ya ce kuma ɗakin sanyin shi ya gyara shi, ya san ba zai ba shi kunya ba. In sun gama, abin da ya rage su ke ƙonawa, ba a dawo da komai. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da za su zo ɗauka, sai matar mamaci ta ce ta yarda. In ta ce a'a, su juya da motarsu.

Mama tana riƙe da tire. Ta ajiye shi a hankali, ta ce ta bar dutse a wuta, ta shige shago. Na bi bayanta na ga dutsen ko jona shi ba a yi ba.

Ni raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Mace ta yi shekaru tana bin fastoci don ta samo maka wurin kwanciya, kai kuma ka ɗauki maganarta ka ɗaure ta da ita? Na ce mata, "Mama, ki ce masa to. In ya rufe ido ki ce a'a. Wa zai kai ƙara?" Har yau ban ga laifin shawarar nan ba. Maigidana ma ita ya bayar, sai dai shi da kuka ya haɗa.

Ta ce, "Amarya," don haka take kirana har bayan na haifi uku, "tun kafin a haifi mijinki nake gaya wa mutumin nan Allah ba ya ƙarya. Sai in rufe da tawa ƙaryar?"

Ta je wurin fasto, da fatan zai ce zunubi ne. Yaron ya yi ta jujjuya hannu, ya ce gaskiya bai ga inda aka hana ba, wasu ma suna ganin sadaka ce. Ta dawo ta ce fastocin yanzu ba su da amfani.

Sai ta koma wa Baba da abin da ta iya. Ta ce jiki abin daraja ne, ba kayan gyara ba. Ya ce bai musa ba, tambayarsa ɗaya ce, zai iya tashe shi ko ba zai iya ba? Ta ce zai iya. Ta ce shi kansa Yesu binne shi aka yi. Ya ce an ji, amma zai iya ko ba zai iya ba? Ta ce zai iya. Kowace hanya ta bi, nan take ɓullewa. Magana zarar bunu ce, ita ta zare da hannunta a gaban shaidu, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu ta san gaskiya ta faɗa.

Ina shanya a bayan ƙofa ranar da ta daina kawo hujja. Ta zauna a bakin gadonsa ta ce, "Ba don Allah nake son kabarin ba. Shi ba ya bukata. Don ni ne. Ina so in san inda kake."



"Wannan ban da amsarta," in ji shi. Ya ja numfashi. "In kin ce musu a'a, ba zan ji haushi ba. Ba zan ji komai ba ma."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta gyara masa matashi ta fita.

Kwanakin da suka biyo baya guga kawai take yi, har abin da ba a kawo ba. Ta goge labule, ta goge tsummokaran kicin. Tagar tana nan a buɗe, ɗaya shagon a rufe, ba mai magana. Na tausaya mata ƙwarai, na kuma ji haushinta, domin an buɗe mata ƙofa ta tsaya tana kallo. Da na sake taɓo maganar, sai ta ce mutumin nan ba ya zuwa coci, ba ya sauraron kowa, duk abin da ya sani game da bangaskiya a wurinta ya gani. In ta ja da baya a kan wannan, zai tafi yana ganin ita ma baki ne kawai.

Da safe ta kai masa shayi, ina biye da ita da ruwan shan magani.

"Zan ce musu to."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. "Ashe da gaske kike."

"Duk shekarun nan wasa ka ɗauka nake yi?"

"Na ɗauka kin fi ni iya magana ne kawai." Ya kurɓi shayin. "Ban yarda ba fa, Mai wa'azi. Kada ki je ki gaya wa mutane na yarda."

"Ba zan gaya musu ba."

"Amma in ke ce da gaskiya, za a same ni?"

"Za a same ka."

"Duk inda suka watsa ni?"

"Duk inda suka watsa ka. Abin da za ka ce in an same ka ne ban sani ba."

Ya ce zai yi tunani a kai. Haka yake cewa kullum in zai je nemo wata hujjar, don haka ban san yadda zan fassara ta ba, ita ma ba ta fassara ba.

Bai ƙara mako biyu ba. Da hantsi ya cika, tana shago tana ninke zanen gadon wani. Motar makarantar ta iso bayan azahar, fara, ba rubutu a jikinta, da mutum biyu masu ladabi waɗanda suka san shi tun yana zuwa musu gyara. Gidan cike yake da matan coci. Babban cikin mutanen biyu ya durƙusa ya yi wa Mama gaisuwa, ya ce ba dole, in ba ta so za su tafi, ba wanda zai ga laifinta. Maigidana ya riƙe hannunta ya ce, "Mama, don Allah." Wata dattijuwa ta ce masu haƙa kabari suna nan a shirye, magana kawai suke jira.

Mama ta ce, "Ku ɗauka."

Da suka kai shi bakin mota ta tsayar da su, ta ce su gaya wa yaran su bi gwiwarsa ta hagu a hankali, tana yi masa ciwo. Mutumin ya ce zai gaya musu.

An yi addu'a a coci ba akwati. Wurin da ke kusa da nata ta mayar wa dattawa, ta ce su ba mai bukata. Ta buɗe shago bayan kwanakin zaman makoki, ta ci gaba da farawa daga kwala.

Ranar Lahadi bayan sujada, gwauraye mata sukan zaga bayan coci su cire ciyawa a kan kaburburan mazajensu. Mama takan gaishe su ta wuce ta hau bas. Na bi ta sau ɗaya, don hankalina bai kwanta ba. Ta sauka a tasha ta ƙarshe, ta zauna a bencin masu jiran mota, jakarta a cinya, tana fuskantar ginin makarantar daga tsallaken titi. Ba ta san ko wace taga ce ba. Ɗalibai suna fita suna shiga da fararen riguna, ta bi ɗaya da kallo ta ce ba a goge masa kwala da kyau ba.

Muka zauna har bas biyu suka tafi suka bar mu. Abin da ke cina tun ranar rasuwar ya ƙi kwanciya, sai na tambaye ta.

"Mama, kina ganin za ki sake ganinsa?"

"Tashi kam zai tashi," ta ce. "Wannan ban taɓa shakka ba."

Ta buɗe jakar ta rufe, ba ta ɗauki komai ba.

"Sauran ne nake roƙo."